Me ake nufi da "iyakar ɗaukar baƙi" a gandun daji?

Wanda ya nemi tikitin shiga kwarin Jiuzhaigou, a lardin Sichuan na ƙasar Sin, cikin watan Oktoba lokacin da ganyaye suka rikiɗa zuwa ja da ruwan ɗorawa, yana iya tarar da an ce masa na ranar sun ƙare. Kuɗinsa na hannu, kwarin kuma faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 720, amma hukumar wurin ba ta barin fiye da mutum 41,000 su shiga a yini ɗaya. Wannan adadin shi ake kira iyakar ɗaukar baƙi, wato yawan mutanen da wuri zai karɓa a lokaci guda ba tare da ruwansa da itatuwansa da namun dajinsa sun lalace ba, ba tare da an takura wa mazauna wurin ba, kuma ba tare da ziyarar kanta ta koma wahala ba.

Tunanin ya samo asali ne daga harkar kiwo kafin masu kula da yawon buɗe ido su are shi. Kowane makiyayi ya san fadama tana da yawan shanun da za ta ciyar ciyawa ta sake tofowa baɗi, idan kuwa aka zarce, kofato ya daddaɓe ƙasa, sai a wayi gari wurin ya zama faƙo. Bambancin kawai shi ne ɗan yawon buɗe ido ba ya cin ciyawa. Ɓarnarsa tana tafin ƙafarsa, da hayaƙin motar da ta kawo shi, da abin da ya bari a bayan gida.

Kafin a gane dalilin tsaurin da ake yi a Jiuzhaigou, sai an san yadda tafkunansa suke. Kwarin yana da rassa uku, Shuzheng da Rize da Zechawa, a tsauni mai tsayin mita 2,000 zuwa sama da 4,000, kuma akwai tafkuna fiye da 100 jere bisa ƙoramu, wani na zuba cikin wani. Ruwan yana ratsowa ta cikin dutsen farar ƙasa, yana narkar da shi, idan ya fito sarari sai ya riƙa ajiye abin da ya narkar a kan gansakuka da saiwoyi da itatuwan da suka faɗi. A hankali wannan ɓawo yake taurare, ya zama madatsun da suke riƙe tafkunan, ya zama matakan da ruwa ke gangarowa a kai kamar a babbar magangarar ruwa ta Nuorilang da ke cikin kwarin. Shi ne kuma, tare da tsabtar ruwan, yake ba tafkunan shuɗin nan da kore da ake gani har ƙasan ruwa. Abu ne da yake ɗaukar ɗaruruwan shekaru yana ginuwa, amma yana da gautsi, takalmi ma yana farfasa shi. Abin da ya fi takalmi haɗari shi ne ruwan ƙazanta: sinadarin fosfet da ke cikin sabulu da taki da najasa yana hana ɓawon taurarewa, yana kuma ciyar da gansakukar da ke dusar da launin ruwa. Ɓarnar da ake yi ta wannan hanyar ba a ganinta a ranar, sai bayan shekaru.

Har zuwa ƙarshen shekarun 1970 sare itatuwa ake yi a kwarin, kafin gwamnati ta hana. An mai da shi gandun ƙasa a 1982, aka buɗe shi ga baƙi a 1984, shekarar da mutum kusan 5,000 ne kawai suka je. UNESCO ta sa shi cikin wuraren gado na duniya a 1992. Zuwa 2002 baƙi sun haura miliyan 1 a shekara, aka kuma buɗe filin jirgin sama na Jiuzhai Huanglong a 2003, hanya ta ƙara sauƙi.

Ranar 1 ga Oktoban 2013 dokar yawon buɗe ido ta ƙasar Sin ta fara aiki, kuma a cikinta an wajabta wa wuraren shaƙatawa su bayyana iyakar mutanen da za su iya ɗauka. Washegari, cikin hutun mako guda na bikin ranar ƙasa, motocin bas na cikin Jiuzhaigou suka cushe, dubban mutane suka maƙale har dare, waɗansu suka tako kilomitoci da ƙafa kafin su fita. Wannan ya nuna wani ɓangare na ma'anar da ake yawan mantawa: iyakar ba ta tafki kaɗai ba ce, akwai ta titi, ta bas, ta banɗaki, har da ta haƙurin mutane. Wadda ta fi ƙanƙanta a cikinsu ita ce iyakar gaskiya.

A nan ne nake ganin ya kamata mai karatu ya yi hattara da lambar da aka liƙa a ƙofa. Babu wani ma'auni da za a tsoma a tafki ya nuna 41,000. Mutane ne suke zama su yanke, suna duban ruwa da ido ɗaya, kuɗin shiga da ɗaya idon, domin otal-otal da direbobi da 'yan kasuwar da ke wajen ƙofa duk da baƙin nan suke ci. Kuma lambar tana motsi. Girgizar ƙasa mai ƙarfin maki 7 da ta auku ranar 8 ga Agustan 2017 ta kashe mutum 25, ta zaftare tsaunuka, ta fasa madatsar tafkin Huohua har ruwansa ya tsiyaye. Da aka sake buɗe wani sashe a watan Maris na 2018, mutum 2,000 kawai ake bari a rana. Ruwan sama ya sake jawo rufewa, aka dawo a Satumban 2019 da 5,000, sannan aka yi ta ɗagawa har aka buɗe kwarin gaba ɗaya a Satumban 2021. (Madatsar Huohua kuwa da kwaɓin farar ƙasa da ruwan shinkafa mai danƙo aka ɗinke ta, irin na tsofaffin magina na ƙasar, don gudun siminti ya gurɓata ruwan.) Kwari ɗaya ne, amma iyakarsa ta canza sau da yawa cikin shekara huɗu, gwargwadon halin da hanya da gangaren dutse suke ciki.

Saboda wannan rauni na dogaro da lamba kaɗai ne masana a Hukumar Kula da Dazuzzuka ta Amurka suka fito da wata hanya a 1985. Maimakon a tsaya kan mutum nawa, sai a fara da tantance irin canjin da za a iya lamunta: tsabtar ruwa kada ta faɗi ƙasa da kaza, faɗin turba kada ya wuce kaza. A riƙa aunawa, da zarar an kusa layin a ɗauki mataki, ko da baƙin ba su kai adadin ba. Mutum 500 da suka bazu cikin daji suna taka inda suka ga dama sun fi mutum 5,000 da ke tafiya bisa katako ɓarna.

Abin da ya fi kare Jiuzhaigou ma ke nan, fiye da ƙidaya. Motar haya ko ta gida ba ta shiga, kowa bas ɗin hukuma yake hawa. Tafiyar ƙafa a kan gadojin katako ake yinta, waɗanda aka ɗaga sama da ƙasa. Ba a wanka, ba a kamun kifi, ba a tsoma ƙafa a ruwa, kuma tun farkon shekarun 2000 aka fitar da masaukan baƙi waje, kowa ya shiga da safe ya fita da yamma. A tafkunan Plitvice na ƙasar Kuroshiya, masu irin wannan ɓawon dutse, an hana iyo tun 2006, tikiti kuma da sa'ar shiga ake sayar da shi.

Akwai waɗanda nauyin ya fi faɗa wa. Sunan kwarin daga ƙauyuka tara na 'yan Tibet ya samo asali, bakwai daga ciki har yanzu da mutane, kimanin 1,000. An hana su noma, an taƙaita kiwo, aka maye musu da kason kuɗin shiga da aikin shara da gadi da sayar da kayan tsaraba. Aljihu ya yi nauyi, amma abincinsu ya koma rataye da ƙafar baƙo, kuma sun ɗanɗana hakan lokacin da girgizar ƙasa ta rufe ƙofa.

Mai niyyar zuwa ya sayi tikiti ta intanet tun da wuri, da sunansa da lambar fasfonsa, ya kauce wa makon farko na Oktoba. Tun Agustan 2024 jirgin ƙasa mai sauri daga Chengdu, babban birnin lardin Sichuan, yake tsayawa a tashar Huanglong Jiuzhai, tafiyar da a da take cin yini guda a mota ta ragu ƙwarai, masu neman tikitin kaka kuwa sai ƙaruwa suke yi.