Taswirar Tawayar Haihuwa: Dalilin Tambayar Unguwar Uwa da Abin da Doka Ta Ce

A watan Mayun 2010 babban taron Hukumar Lafiya ta Duniya ya zartar da ƙuduri mai lamba 63.17, inda ya nemi ƙasashe su ƙarfafa rajista da sa ido kan jariran da ake haifa da tawaya, irin su tsagaggen leɓe, murɗaɗɗiyar ƙafa da buɗaɗɗen ƙashin baya. Kira ne ga gwamnatoci, babu hukunci a cikinsa.

Ga yadda aikin yake. Ana rubuta kowace tawaya da lambarta a kundin rarraba cututtuka na duniya (ICD-10), daga Q00 zuwa Q99, a haɗa da ranar haihuwa da inda uwa take zaune, sannan a lissafa yawanta cikin kowace haihuwa 10,000. Har jaririn da ya zo babu rai yana cikin lissafi.

Adireshin nan shi ne ƙashin bayan aikin, kuma a nan aka fi yin kuskure. Bututun da ke zama ƙwaƙwalwa da laka a jikin ɗan tayi yana rufewa ne cikin kwana 28 na farko da ɗaukar ciki, sau da yawa kafin mace ta san tana da ciki. Saboda haka inda ta zauna a lokacin ake nema. Mai cikin fari da ke aure a Samaru, ta koma goyon ciki gidan iyayenta a Kwarbai cikin birnin Zariya, in aka tambaye ta unguwa Kwarbai za ta ce, sai taswira ta nuna inda ba nan ba. Haka ma asibitin koyarwa na Shika da ke kusa da Zariya, da ake turo masa marasa lafiya daga nesa: a bi adireshin asibiti, sai a zaci matsalar a Shika take. Haihuwar gida kuwa, muddin ungozoma ba ta kai rahoto ba, ta ɓace daga lissafi. Kuma jarirai uku a gunduma ɗaya ba su isa a ce annoba ba, sai an san haihuwa nawa aka yi a can.

Iyaye na tsoron tonon asiri, kuma suna da gaskiya. A Najeriya, sashe na 26 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ya ce bayanan mara lafiya sirri ne. Ba a fitar da su sai bisa ƙa'ida, kamar rubutacciyar yardar mai su, ko umarnin kotu, ko in ɓoye su zai jefa lafiyar jama'a cikin babban haɗari. Dokar Kare Bayanai ta 2023 ma ta sa bayanan lafiya cikin masu buƙatar tsaro na musamman. Don haka taswirar da za a nuna wa jama'a ta tsaya a kan gunduma ko ƙaramar hukuma, ba suna, ba alamar gida.