Deborah Abiodun

Deborah Ajibola Abiodun (an haife ta ranar 2 ga Nuwamba, 2003) 'yar wasan ƙwallon ƙafa ce 'yar Najeriya da ke buga tsakiya. Tana cikin 'yan ƙalilan da suka haɗa wasa a jami'ar Amurka da wakiltar Super Falcons, babbar tawagar matan Najeriya, a lokaci guda. Magoya baya suna yi mata laƙabi da "Kante", sunan ɗan wasan tsakiyar Faransa N'Golo Kante, saboda yawan gudunta da ƙwarewarta wajen ƙwace ƙwallo.

Tasowa

'Yar Ibadan ce a Jihar Oyo. Ta buga wa Rivers Angels ta Fatakwal a wajajen 2021 zuwa 2022. A watan Agustan 2022 tana cikin tawagar Falconets a gasar duniya ta 'yan ƙasa da shekara 20 a Kosta Rika, inda Najeriya ta ci Faransa da Koriya ta Kudu da Kanada a rukuni, kafin Holand ta fitar da ita da ci 2 da nema.

Gasar Kofin Duniya ta 2023

Ranar 21 ga Yuli, 2023, a Melbon, tana da shekara 19, aka fara da ita a wasan farko da Kanada. Gurbin ya samu ne saboda Halimatu Ayinde, 'yar Kaduna, da Rasheedat Ajibade suna zaman dakatarwa kan jan katin da suka samu a karawa da Maroko a 2022. Aikin da aka ba ta shi ne tsayawa a gaban masu tsaron baya, ta toshe hanyar ƙwallo, kuma ta riƙe wurin sosai. An tashi canjaras babu ci, bayan mai tsaron gidan Najeriya Chiamaka Nnadozie ta kaɗe fenaritin Christine Sinclair.

Dab da tashi, cikin ƙarin lokaci, ta kai ƙafa don ƙwace ƙwallo, ƙusoshin takalminta suka sauka a ƙaurin Ashley Lawrence. Alƙaliyar wasa ta fara ɗaga katin gargaɗi, sannan ta je gefen fili ta kalli bidiyo, ta mayar da shi ja. A doka, ko da ɗan wasa ƙwallo ya nufa, muddin ya shiga da ƙarfin da ke jefa lafiyar abokin karawa cikin haɗari, laifin na jan kati ne. Jan kati kan jawo dakatarwar wasa ɗaya, amma FIFA ta ƙara nata zuwa uku. Haka ta rasa nasarar da aka yi a kan Ostireliya da ci 3 da 2, da wasan Ailan, da na Ingila wanda aka rasa a bugun fenariti. Gasarta ta ƙare a wasa ɗaya.

Jami'ar Pitsbag

Daga nan ta shiga Pittsburgh Panthers, ƙungiyar Jami'ar Pitsbag ta Amurka, ƙarƙashin Randy Waldrum, wanda a lokacin shi ne kocin Super Falcons. An yi ta ce-ce-ku-ce kan riƙe muƙaman biyu da ya yi.

Kakar jami'o'i gajera ce amma cunkusasshiya: daga Agusta zuwa Nuwamba ko farkon Disamba, galibi wasa biyu a mako, ga kuma karatu wanda dole a ci jarrabawarsa kafin a ci gaba da wasa. Ba a tsayar da gasar don wasannin ƙasashe, saboda haka duk 'yar wasan da ƙasarta ta gayyata a Satumba ko Oktoba sai ta bar aji da wasannin makaranta, ta yi doguwar tafiya, ta dawo a gajiye. A 2023 Pitsbag ta kai zagayen ƙungiyoyi 8 na ƙarshe a gasar NCAA ta jami'o'in Amurka mai ƙungiyoyi 64, karon farko a tarihinta. Florida State, wadda ta ɗauki kofin, ita ta fitar da ita.

A 2024 Abiodun ta je gasar Olamfik a Faransa, inda Brazil da Sifaniya da Japan duk suka ci Najeriya.

Wasan ƙwararru

A farkon 2025 ta sa hannu da Washington Spirit kai tsaye, domin gasar NWSL ta ƙwararrun mata a Amurka ta soke tsarin zaɓen ɗalibai bi da bi a 2024. An ba da aronta ga Dallas Trinity. A Yulin 2025 tana cikin tawagar da ta ci Maroko 3 da 2 a Rabat, ta ɗauko wa Najeriya kofin Afirka na mata karo na 10.