Matsalar magana bayan raunin ƙwaƙwalwa

Matsalar magana bayan raunin ƙwaƙwalwa lalura ce da ke hana mutumin da a da bakinsa yake garau furta abin da ke ransa, ko fahimtar abin da aka faɗa masa, ko karatu da rubutu. Babban sanadinta shi ne shanyewar ɓarin jiki, wato toshewa ko fashewar jijiyar jini a ƙwaƙwalwa, wadda hawan jini da ciwon suga ke share wa hanya, kuma kusan mutum 1 cikin 3 da ta kama yakan samu tangarɗar magana. A Yamai da Tahoua ana ganin ta kuma bayan bugun kai a haɗarin babur, musamman ga ƴan kabu-kabu da fasinjojinsu marasa hular kwano, da bayan sanƙarau ko zazzaɓin cizon sauro da ya taɓa ƙwaƙwalwar yaro.

Nau'in da likitoci ke kira afaziya, wato ɓacewar kalmomi ko ma'anarsu ga mutum, ya fi zuwa idan raunin yana ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa, shi ya sa yakan haɗu da mutuwar hannu da ƙafa na dama. A 1861 likitan Faransa Paul Broca ya bayyana majinyacin da ke fahimtar magana amma ba ya iya furta komai sai "tan". A 1874 kuma Bajamushe Carl Wernicke ya bayyana akasin haka: magana na zuba ba tsayawa, sai dai ba ta da kan gado, kuma mai ita ba ya gane abin da ake ce masa. Akwai kuma disartiriya, inda kalmomin suna nan daram amma harshe da leɓe da maƙogwaro sun yi nauyi, kamar yadda ake gani a cutar Parkinson, mai sa karkarwa da sanƙarewar jiki.

Abin da ya fi rikita dangi shi ne maganar da baki ya saba da ita takan tsira. Dattijo zai kawo Fatiha ba gargada, ya amsa gaisuwa da "lafiya lau", amma a nuna masa buta ya san ta, ya san amfaninta, sunanta ya ƙi fitowa. A gari irin Yamai, inda mutum ɗaya ke jin Hausa da Zabarmanci da Faransanci, wani harshen kan dawo kafin wani. Daga nan ake fara zargin aljanu ko sammu ko taɓin hankali, alhali afaziya ita kaɗai ba ta ɗauke hankali, kuma babu abin da ke ƙona ran majinyaci kamar a riƙa zancensa a gabansa sai ka ce ba ya wurin.

Karkacewar baki, da mutuwar hannu, da sarƙewar magana farat ɗaya alamu ne na a garzaya asibiti nan take, domin maganin narkar da gudan jini, inda ake da shi, ba a bayar da shi sai cikin awa 4 da rabi na farko, bayan hoton sikana, na'urar da ke ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa, ya nuna ba fashewar jijiya ba ce. Daga baya aikin ya koma hannun masu koyar da magana, waɗanda ake kira ortofonis, kuma ba su da yawa a Nijar, don haka nauyin yakan faɗa kan iyali. Sauƙi ya fi samuwa a watannin farko, ko da yake yana iya ci gaba shekaru. Ana so a yi wa majinyaci gajeriyar magana da harshen da ya fi ji, a kashe rediyo, a yi masa tambayar da amsarta i ce ko a'a, a kuma ba shi lokaci ya lalubo kalmarsa ba tare da an riga shi faɗa ba.