Me ya sa Git ke maƙalewa yana ta zagaye wuri ɗaya idan fayil ya lalace?

Wai ta yaya ma Git, manhajar da ke adana tarihin sauye-sauyen fayiloli, zai shiga zagayen da ba ya ƙarewa?

A ƙa'ida bai kamata ba. Tun da Linus Torvalds ya ƙirƙiro shi a 2005, kowane abu da aka ajiye yana da lambar shaida ta SHA-1 da ake lissafowa daga abin da ke cikinsa, kuma kowane kwamit, wato zubi ɗaya na sauye-sauyen da aka adana, yana ɗauke da lambar ubansa, wanda ya gabace shi, to ka ga ɗa ba zai taɓa zama kakan kansa ba. Matsalar ita ce Git ba ya sake lissafa lambar nan a duk taku, don da aikin ya yi nauyi sosai, sai ya yarda da abin da ya tarar a faifai.

To ina ɓarnar take shigowa?

Galibi cikin fayil ɗin pack, inda Git ke dunƙule abubuwa da yawa wuri ɗaya. Don rage cin wuri Git ba ya ajiye kowane abu cikakke, sai ya ce wannan daidai yake da wancan, ga ɗan bambancin, shi ake kira delta. Iri biyu ne, wanda ke nuna baya da tazarar bayit, shi kam dole baya yake komawa har ya ƙare, da kuma wanda ke kiran tushensa da lambar shaida, nan ne fa ake samun A ya ce je ka tambayi B, B ya ce ai wajen A yake, manhaja ta yi ta kai da komowa fanka na ihu har memori ya cika. Faifai ya tsufa ko an ɗauke wuta ana tsakiyar rubutu duk kan ɓata fayil, amma irin wannan ɗaurin gwarmai ya fi kama da aikin mugu da ya haɗa shi da gangan ya tura wa saba, wato kwamfutar da ke ajiye wa mutane aikinsu.

Yaya ake toshe zagayen?

Ko ƙidaya ko alama. Git ba ya bin symref, wato sunan da ke nuni zuwa wani suna, da ke nuna wani symref fiye da hawa 5, fayil ɗin config na saituna kuma da ke janyo wani config ana tsayar da shi a hawa 10. Alama kuwa, duk inda ka taka ka rubuta, in ka sake ganinsa ka tsaya ka ce fayil ya lalace. Ni dai na fi son alamar, don ƙidaya kan iya hana halastaccen tarihi mai zurfi wucewa, sai dai alamar tana cin memori.

Ni da ba ni na rubuta Git ba fa?

Ka riƙa gudanar da git fsck, umarnin duba lafiyar abubuwan da aka ajiye, lokaci-lokaci, ka kunna transfer.fsckObjects don a binciki duk abin da ke shigowa, a kashe yake zuwa. In ɓarnar ta riga ta faru kada ka yi gaggawar git gc, umarnin share-share da sake shirya ajiya, fara kwafe foldar .git gefe, sannan ka ɗebo abin da ya lalace daga kwafin abokin aikinka.