Taurin ƙarfen zubi ba shi ne juriya ba

Da yawa daga cikinmu in suka ɗaga ƙarfen zubi, wato wanda ake narkarwa a zuba a mazubi ya daskare, suka ji nauyinsa, sai su ce babu abin da zai karya shi. Wannan kuskure ne da ya taɓa cin rayuka.

Ƙarfen zubi yana ɗauke da sinadarin kabon kashi 2 zuwa 4 cikin ɗari. Yana jure danni sosai, amma in aka ja shi ko aka lanƙwasa shi, nan take yake darewa, babu gargaɗi. A 1847 gadar jirgin ƙasa ta kogin Dee a Chester, Ingila, ta rufta da jirgi a kanta, mutum biyar suka rasu. Ginshiƙanta na kwance na zubi ne.

Ƙira kuwa, dukan da ƙarfe ke sha da zafinsa yana toshe ƙananan ramukan cikinsa, ya jera ƙwayoyinsa su bi siffar kayan. Shi ya sa ake ƙera sifana da ƙugiyar ɗaga kaya: sukan lanƙwashe kafin su karye, mai aiki ya gani ya kauce.

Zubi ma yana da wurinsa. Bulok ɗin inji, wato gangar jikinsa mai lungu da saƙo, zuba shi ake yi.