Ƙirƙirarriyar basira a ofisoshin lauyoyi da akantoci a Damagaram

Ƙirƙirarriyar basira manhaja ce da ta koyi rubutu da fassara daga tarin rubuce-rubuce, irin su ChatGPT da ya fito a Nuwamba 2022. Ofisoshin lauyoyi da na akantoci suna ba ta aikin da ke cin lokaci: karanta rasit da aka ɗauka hoto, taƙaita doguwar yarjejeniya, tsara wasiƙa, da juya takardar Ingilishi da ta zo daga Kano zuwa Faransanci.

A Damagaram babbar matsalarta ita ce doka. Akasarin Faransancin da ta koya na ƙasar Faransa ne, don haka takan kawo dokar can a inda ake son ta nan. Kasuwanci a Nijar yana ƙarƙashin dokokin OHADA, ƙungiyar ƙasashe 17 da aka kafa a 1993, lissafin kamfanoni kuma yana bin tsarin SYSCOHADA da aka sabunta daga 2018. Harajin TVA, wato harajin da ake ɗorawa kan farashin kaya da ayyuka, kashi 19 ne cikin ɗari a Nijar, na Faransa 20; idan ba a faɗa mata ba tana iya sa na Faransa, lissafin ya fita tsaf amma ba daidai ba. Gado da rikicin gona kuwa sau da yawa al'ada ke yanke su, kuma kaɗan ne daga ciki ke rubuce.

Takan kuma ƙirƙiro hukuncin kotu da babu shi, domin aikinta hasashen kalmar da za ta biyo baya ne. A 2023 wata kotu a New York ta ci wasu lauyoyi tarar dala 5,000 saboda sun gabatar da irin waɗannan hukunce-hukunce. Maganinsa shi ne a manna mata ainihin nassin dokar, a ce ta amsa daga cikinsa kawai, sannan lauya ya buɗe kundin ya duba kowace aya da idonsa.

Kafin a saka mata takarda ana goge suna, lambar waya da lambar asusun banki, domin bayanan kan tafi kwamfutocin ƙetare, kuma hukumar HAPDP ce ke sa ido kan kare bayanan mutane a Nijar. Ya fi kyau a fara da aiki ɗaya, kamar shigar da rasit, akawu yana yin nasa da hannu na wata guda ana kwatantawa. Rasit na rubutun hannu da wanda ya haɗa naira da sefa su suka fi ruɗa ta.