Koyon ɗinki da kayan gwanjo da ƙyallaye: tambayoyi da amsoshi

Duk wanda ya taɓa zama a shagon tela ya san ba a fara miƙa wa ɗan koyo shaddar mutane ya yanka. Sai ya daɗe yana saka maɓalli, yana guga, yana bin layi a kan ƙyalle, kafin a yarda ya riƙe almakashi. Mai koyo a gida ba ta da wannan tarin ƙyallen, ga shi atamfa ta yi tsadar da ba a wasa da ita. Tambayoyin nan su ne waɗanda masu fara koyo, galibinsu mata, suka fi yi game da ɗinki da gwanjo da tsofaffin tufafi.

Me ya sa sai gwanjo? Ba gara in sayi sabon yadi mai araha ba?

Saboda dole za ki ɓata kaya, kuma hannun da ke tsoron asara ba ya sakewa. Ban da wannan, sabon yadi mai araha yawanci na roba ne. Yana da santsi, yana zamewa a ƙarƙashin keke, kuma ba ya kwanciya da guga. Tsohon zanen gado na auduga kuwa ya sha wanki, ya gama tsukewar da zai yi, ya yi laushi, inda kika karya shi nan zai tsaya.

Akwai kuma darasin da sabon yadi ba zai ba ki ba. Idan kika zauna da reza kika farke rigar maza a hankali, za ki ga yadda aka haɗa hannu da kafaɗa, yadda aka ɗora kwala, da irin rarar da aka bari a bakin kowane ɗinki. A ganina farke riga ɗaya da natsuwa ya fi kallon bidiyo goma a waya.

Idan na shiga kasuwa, me zan nema?

Faɗin yadi za ki nema, yayin kayan bai dame ki ba. A layin 'yan gwanjo na Ƙofar Wambai a Kano, ko Kasuwar Barci a Kaduna, ana kwance dila, wato babban ƙunshin gwanjo, masu zaɓe suke rufar mata su kwashe na farko, waɗanda za a sa a jiki. Abin da ya rage, wanda kwalarsa ta cinye ko hammatarsa ta yi tabo, shi ake karyarwa, kuma shi ne naki, tunda yanka shi za ki yi. Ki duba zanen gado, labule mara sheƙi, manyan rigunan maza masu maɓalli, siket mai faɗi da wandon jins.

Ki ɗaga zanen gado ki kalli rana ta cikinsa. Tsakiya ce take fara mutuwa, don nan ake kwanciya. Idan haske ya fi ratsa tsakiyar, gefen kawai za ki mora, sai ki yi ciniki a kan haka. Ki ja shi da hannu biyu, in kika ji zaren yana ƙara kamar zai yage, ki ajiye. Rigunan da ke miƙewa irin na 'yan ƙwallo, da leshi, da duk wani abu mai santsi, ki bar su tukuna.

Farashi ba ya zama wuri ɗaya. A hukumance Najeriya ta hana shigo da gwanjo, don haka mafi yawansa ta maƙwabta yake ratsowa, musamman ta Kwatano a Jamhuriyar Benin. Duk abin da ya taɓa dala ko kan iyaka, kamar rufe iyakokin ƙasa da aka yi daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, sai an ji shi a bakin dila.

Ta yaya zan gane auduga da roba idan babu takarda a jiki?

Ki yanki ɗan ƙyalle kamar faɗin farce, ki riƙe shi da bakin almakashi a kan faranti, ki kusanta masa ashana. Auduga tana ci da wuta kamar takarda, warinta ma na takarda ne, kuma tokarta tana murjewa. Roba tana noƙewa daga wutar, ta narke, ta bar wani dunƙule mai tauri. Ulu kuma warin ƙonannen gashi yake yi. Wannan gwaji yana da amfani ƙwarai idan abin sauke tukunya za ki ɗinka, ko wani abu da zai kusanci murhu: na roba narkewa zai yi ya manne a fata.

Ba a ɗaukar cuta a jikin kayan da wani ya sa?

Ana iya ɗauka idan ba a wanke ba. Ƙazuwa da kwarkwata da kuɗin cizo duk suna bin tufafi, amma zafi yana kashe su. Ki jiƙa kayan a ruwan zafi sosai da sabulu, ki wanke, ki shanya a tsakiyar rana har su bushe ƙayau, sannan ki goge da dutsen guga mai zafi. Warin dila wani lokaci sai an yi wanki biyu yake fita. Ki ware masu launi mai duhu, don a wankin nan ne za ki gane wanda ke zuba. Wanda ya zuba, kada ki haɗa shi da fari a aiki ɗaya.

Sai na sayi keke kafin in fara?

A'a. Hular da maza ke sawa ranar Juma'a, da aikin wuyan babbar riga, da allurar hannu ake yin mafi kyawunsu. Abin da kike bukata shi ne allura, zare, tef na awo, alli, fil, reza, dutsen guga, da almakashi mai kaifi wanda ba za ki bari yara su yanka takarda da shi ba.

Ɗinkin hannu iri biyu sun ishe ki farawa. Na farko shi ne ki riƙa shiga da fita a jere, wanda ake riƙe yadi da shi na wucin gadi. Na biyu shi ne duk sanda allura ta fito sai ki koma baya ki soka inda ɗinkin baya ya ƙare. Wannan yana da ƙarfi kusan kamar na keke. Idan kuɗin keke ya samu, tsohon baƙin keken ƙafa irin Butterfly ko Singer ya wadatar. Ba ya jiran wutar lantarki, kuma kusan kowace kasuwa akwai mai gyaransa.

Da me zan fara?

Da abin da layinsa miƙaƙƙe ne, ba zif, ba hannu. Rigar filon kujera ita ce ta fi sauƙi. Idan filon inci 18 ne kowane gefe, ki yanka gaba inci 19 da 19, sai baya gida biyu, kowanne inci 19 da 13. Ki kalmasa baki ɗaya mai tsawo na kowane bayan, ki ɗora su a kan gaban, fuskar yadi tana kallon fuskar yadi, ɗaya ya hau kan ɗaya a tsakiya. Ki zagaye da ɗinki kina barin rabin inci a baki, ki datse kusurwoyi, ki juya. Akwai ma dabarar da ta fi wannan: gaban babbar rigar maza ya zo da maɓallansa da ƙofofinsu a shirye, sai ki yanka shi ya zama bayan filon.

Bayan wannan sai jaka mai zariya, wadda za ta koya miki yin ƙubaka, kuma wadda ta iya ƙubaka ta kusa iya wandon yaro. Ƙafar wandon jins ɗaya tana ba da jakar Islamiyya mai ƙarko: ki yanke, ki rufe ƙasa, ki yi mata maratayi da ragowar.

Abu ɗaya da masu koyo ke rainawa shi ne guga. Kowane layi kika ɗinka, ki goge shi kafin ki ɗora wani. Yawancin aikin da ake kalla a ce "wannan na ɗan koyo ne", rashin guga ne ya tona shi.

Ƙyallayen da ke shagon tela fa, zan iya roƙa?

Ki roƙa, musamman a makonnin da ke gaban sallah, lokacin da shaguna ke cika da su har ana sharewa. Amma a rarrabe: ƙananan da suka zube ƙasa, waɗanda kowa ya san zubarwa ake yi, babu damuwa. Ragowar rabin yadi ko fiye kuwa haƙƙin mai kaya ce, ba ta tela ba, sai in ita ta yafe. Tela mai tsoron Allah zai gaya miki haka da kansa.

Wajen haɗa su, nauyi ya fi launi muhimmanci. Atamfa da atamfa, shadda da shadda. Idan kika haɗa mai kauri da mara kauri, wurin haɗin ne zai fara yagewa. Ki yanka kwali mai inci 4 ko 5 kowane gefe ki riƙa zana a kai don duk su zo daidai, kuma ki bi tsayin zaren yadin, kada ki yanka a karkace, don a karkace yadi yake miƙewa. Ki fara haɗa su layi-layi, sannan ki haɗa layukan, ki yi masa shafi da tsohon zanen gado. Haka ake samun shimfiɗar jariri ko murfin keken ma kansa.

Kekena yana karya allura a kan jins, kuma zare yana cukurkuɗewa a ƙasa. Ya lalace ne?

Da wuya. Allura lamba-lamba ce: 11 ta yadi mara kauri, 14 ta atamfa da zanen gado, 16 zuwa 18 ta jins. Idan kika zo inda jins ya ninku da yawa, ki daina taka ƙafa, ki juya da hannu a hankali, ko ki fara bubbuga wurin da guduma ya kwanta. Kada ki riƙa jan yadin ta baya, haƙoran keken ne ke tafiyar da shi. Cukurkuɗewar ƙasa kuwa, duk da a ƙasa take bayyana, yawanci daga zaren sama ne: ki zare shi gaba ɗaya, ki ɗaga ƙafar da ke danne yadi, ki sake sakawa. Sannan ki cire ƙoshiya, wato mazaunin zaren ƙasa, ki kakkaɓe burbushin da ya taru, don tsohon yadi yana zubar da shi da yawa, ki ɗiga man keke.

Idan hannuna ya faɗa, zan iya sayarwa?

Za ki iya, amma ki gaya wa mai saye da abin da kika yi shi. Wasu ba ruwansu idan jaka ce ko rigar filo, wasu kuma ba za su shimfiɗa wa jariri abin da ya fito daga dila ba, kuma suna da damar hakan. Wajen yanka farashi, kada ki tsaya a kuɗin yadin kawai. Ki lissafa sabulu da gawayin guga da zare da kuɗin motar zuwa kasuwa, sannan ki sa awannin da kika ɓata wajen farkewa, don a aikin gwanjo farkewa da wanki sukan ci lokaci fiye da ɗinkin.